Yadda za ka ci abinci a waje in ba ka cin nama, kifi, ƙwai ko madara

A gida abin da sauƙi, tukunyarka ce, kai ka san abin da ka zuba. Matsalar tana farawa ne ran da yunwa ta kama ka a kasuwa ko a tasha ko wajen aiki, ko abokai suka ce a je a ci wani abu, kai kuma ka yanke shawarar ba ka cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, wato nama, kifi, ƙwai, madara, nono, man shanu, cuku, har zuma. Irin wannan tsarin shi ake kira bigan, sunan ya fito ne daga Ingila a 1944 lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu, amma mu nan mutane da yawa suna yin sa saboda dalilai kala kala, wani likita ne ya ce ya rage kitse saboda hawan jini ko ciwon zuciya, wani cikinsa ne ba ya ɗaukar madara, wani kuma tausayin dabbobi ne da yadda ake kiwon su. Ko ma mene ne dalilinka, ga yadda za ka bi ka ci ka ƙoshi.

Mataki na farko: ka san iyakarka tun kafin ka fita

Wannan da kanka za ka yi shi, ba a gaban mai abinci ba. Ka tambayi kanka, in an soya dankali a man da aka soya kaza, zan ci ko ba zan ci ba? In miyar babu nama amma an jefa dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza fa? Akwai masu cewa tunda ba su sayi naman ba, ba su ƙara wa mai yanka ciniki ba, to man suya bai dame su ba, akwai kuma waɗanda ko cokalin da ya taɓa miyar nama ba sa so. Dukansu suna da hujja. Wanda kuma jikinsa ne ke rikicewa in ya ci ƙwai ko madara ko kifi, shi nasa ba zaɓi ba ne, dole ya tsananta sosai. Abin da ba shi da kyau shi ne ka tsaya a layi mutane na bayanka kana ta jujjuya magana, mai abinci ta gaji da kai, ƙarshe ta ce maka "babu komai a ciki" don kawai ka matsa.

Mataki na biyu: zaɓen wuri da lokaci

Wurin da ake dafa abu a gabanka ko ake haɗa maka shi bayan ka yi oda ya fi wurin da aka dafa komai tun safe aka jera a gilas. Mai ƙosai, mai awara, mai gurasa, mai ɗanwake, duk kana ganin hannunsu. Gidan abinci kuma ka je kafin cunkoso, kamar sha ɗaya na safe ko bayan la'asar, lokacin mai dafawa tana da sararin da za ta amsa maka. Da azahar tsaka in ma'aikata suka cika wuri ba wanda zai saurare ka, kuma ba laifinsu ba ne.

In babban gari kake kamar Abuja ko Legas, ka duba manhajar HappyCow, tana nuna wuraren da ke da irin wannan abincin, a Legas ma akwai Veggie Victory da aka buɗe tun 2013 wanda duk abincinsu na tsirrai ne. Amma a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi kada ka dogara da waya, bakinka ne zai yi maka aiki.

Mataki na uku: yadda ake tambaya

Nan ne gaba ɗaya maganar take, don haka bari in daɗe a kai. In ka ce wa mai tuwo "ba na son nama", abin da za ta yi shi ne ta zuba maka miyar ta tsame tsokar, a wajenta ta cika maka sharaɗi kuma da gaskiyarta, don haka kowa ke nufi in ya faɗi haka, mara kuɗin nama ne ko mai ciwon haƙori. Kai kuwa abin da kake son sani shi ne abin da ya shiga tukunyar tun farko. To tambayar tukunya za ka yi.

Ka fara da gaisuwa kamar yadda aka saba, "Hajiya sannu da aiki, ya kasuwa", sannan ka ce "don Allah miyar nan da ruwan nama aka haɗa ta ko daban aka yi?" Ka lura ban ce ka tambaya "akwai nama a ciki?" ba, don amsar wannan kullum a'a ce. Ka ba ta zaɓi biyu ta ɗauki ɗaya, ta haka gaskiya ke fitowa. Bayan nan sai ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya amma a taƙaice: kifi busasshe ko banda, kirafish, ganda, ƙashi, man shanu, sai magi wane iri. In namiji ne mai dafawa, "Malam" ko "Maigida" ya isa, in dattijuwa ce ka ce "Baba" ko "Iya" ko "Inna" yadda ake yi a garin, in a Sabon Gari ne wajen 'yan kudu "Mama" ko "Madam".

Kada ka yi wa'azi. Wallahi babu abin da ke ɓata wannan harkar kamar mutum ya tsaya gaban wadda ta tashi tun asuba tana hura wuta ya fara yi mata bayanin illar nama. Ka ce "ba na ci ne" ko "jikina ba ya so" in hakan gaskiya ne, shi ke nan. Kuma in wani ya ce maka ai Allah ya halatta, ka ce ƙwarai kuwa halal ne, ni ban haramta ba, ban dai ci ne. Wannan ita ce gaskiyar magana kuma tana kashe musu nan take. Abu ɗaya da nake roƙo, kada ka yi ƙaryar cewa in ka ci za ka faɗi ko za a kai ka asibiti alhali ba haka ba ne, don gobe mai irin wannan ciwon na gaske zai zo a ɗauka shi ma faɗa kawai yake.

Mataki na huɗu: wuraren da abin ke ɓuya

Magi shi ne na ɗaya. Dunƙulen da aka rubuta kaza ko naman shanu ko kirafish a jikinsa ka san inda ya dosa, sauran kuma sai ka karanta bayan leda. Farin magi, wato Ajino, daga rake ko rogo ake samar da shi, ba ruwansa da dabba. Daddawa kuma ta ɗorawa ce ko ta waken suya, ci abinka.

Na biyu man shanu. A gidan tuwo ana yawan yaryaɗa shi a kan miyar kuka ko kuɓewa bayan an zuba, wani lokacin ba tare da an tambaye ka ba don karramawa ce, to ka riga ta faɗa. Wasu kuma suna sa kakide ko kitse a girki saboda ƙamshi.

Na uku ƙwai. Yana cikin Bama da duk wani mayonis, don haka kwasulo da haɗin salak na gidan abinci sun fita sai in za a ba ka ganyen zalla ka matsa lemon tsami da ɗan mai. Yana cikin kek, cincin da yawa, bons, fanken wasu, kuma ana shafa shi a bayan mitfai da su sosej rol. Awara ma akwai masu tsoma ta a ruwan ƙwai kafin suya, ana gane ta da wannan rigar rawaya mai baza baza a gefe.

Na huɗu madara da bota, a burodi musamman mai laushin nan mai zaƙi, a biskit, a kunun gyaɗar wasu, har masa akwai masu zuba nono ko yogot a ƙullun don ta yi taushi. Indomi kuma taliyar kanta fulawa ce da mai, garin ɗanɗanon da ke cikin ledar shi ne abin dubawa, mai shayi zai iya dafa maka ita da attaruhu da albasa da gishiri kawai in ka ce masa.

Mataki na biyar: abin da za ka saya a bakin titi

Abin daɗin shi ne abincinmu na gargajiya da yawansa dama can babu dabba a ciki, ba sai an canza masa komai ba, kuma shi ne mafi arha. Da safe ƙosai da koko ko kunun tsamiya, wake ne da albasa da tattasai da mai, sai dai ka tabbatar mai ƙosan ba ta fasa ƙwai a ƙullu kuma ba ta soya kifi a kaskon. Ɗanwake da mai da yaji, ka ce kada a yanka maka ƙwai a kai, a sa tumatir da albasa da kabeji. Garau garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, wannan kam shi ne babban abokin tafiya, yana riƙe ciki har dare kuma haɗin wake da hatsi yana ba jiki sinadarin gina jiki cikakke. Gurasa bandashe ta Kano, ƙuli ƙuli ne da man gyaɗa da yaji da albasa, ka dai kula da masu haɗa ta a teburin tsire da wuƙa ɗaya. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, dambun shinkafa ko na masara da zogale, rogo da ƙuli, dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, gasasshiyar masara, soyayyar doya da dankalin Hausa, awara da yaji da kabeji. A Nijar dambun kopto yana ko'ina a Yamai, sai ka ce kada a sa maka kifin gwangwani ko nama a kai.

Yajin ma ka tambaya, don mafi yawan yajin kasuwa ana daka shi da magi.

Alale sai ka yi hankali, na Hausawa da manja sau da yawa wake ne zalla, amma moimoi na gidan abinci kusan kullum da kirafish ko kifi ko ƙwai a tsakiya. Abin sha kuma ba ka da matsala, zoɓo, kunun aya, kunun zaƙi, lemon citta, ruwan tsamiya, sai dai kunun aya wasu na ƙara masa madara don ya yi kauri. Fura kuma ka sayi curin ka dama da ruwa ko madarar waken suya a gida.

Mataki na shida: gidan tuwo da mama put

Tuwon kansa lafiya lau, na shinkafa, na masara, na dawa, sakwara, teba, amala, alkubus, funkasau. Miya ce matsalar, kuma gaskiya a yawancin wurare an haɗa ta da ruwan nama tun daga tushe. A wajen 'yan kudu abin ya fi tsanani don agushi da ogbono da miyar ganye ba a yin su ba kirafish da busasshen kifi. Mafita biyu ce. Ta farko ka nemi farar shinkafa ko taliya ko doya ko wake a zuba maka mai da yaji, a ɗora soyayyar ayaba in akwai. Ta biyu, wadda ta fi, ka zama kwastoma. In wuri ɗaya kake zuwa kusa da shagonka ko ofis, ka yi magana da Hajiya ta dinga ɗibar maka miyar kuka ko taushe a ƙaramar tukunya kafin ta zuba nama, da daddawa da albasa da barkono miyar kuka ba ta buƙatar komai, ka ƙara mata wani abu a kan kuɗin saboda wahalar. Mata da yawa za su yarda in sun ga kullum kana zuwa kuma ba ka raina musu sana'a.

Dafadukar shinkafa da firai rais kada launinsu ya ruɗe ka, da ruwan kaza ake dafa su, firai rais ma har da yankakkiyar hanta da bota.

Mataki na bakwai: manyan shagunan abincin zamani

Su Chicken Republic, KFC, Mr Bigg's, Kilimanjaro, Domino's da sauransu. Ka shiga da sanin cewa kaza da cuku su ne kasuwancinsu, kai abincin gefe za ka haɗa. Abin da aka fi samu shi ne cips, soyayyar ayaba, farar shinkafa, wani wurin da wake ko doya ko masara. Wanda ke kan kanta sau da yawa bai san abin da ke cikin girkin ba don an kawo kayan haɗin ne a ƙulle daga kamfani, to ka ce cikin ladabi a kira maka manaja ko wani daga kicin, tambayoyi biyu kawai za ka yi: cips da kaza mai ɗaya ake soya su ko kowanne da injinsa, sannan miyar shinkafa da ruwan kaza aka yi ta? In ba su tabbatar ba, ɗauki farar shinkafa da ayaba da kecaf ka wuce wurin.

Fiza ana iya yin ta ba cuku, ka ce a sa miyar tumatir da albasa, koren tattasai, masara, zaitun, naman kaza irin na tsiro in suna da shi. Amma ka tambayi kwaɓin, don ko a Amurka kwaɓin Domino's na yau da kullum akwai sinadarin madara a ciki, siririn ne babu. Wannan yana nuna maka abu ɗaya muhimmi, kamfani ɗaya girkinsa na bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Cips ɗin McDonald's a Ingila babu komai na dabba, a Amurka kuwa ana sa masa wani ɗanɗanon naman shanu da ke ɗauke da sinadarin madara. Don haka abin da ka karanta a intanet game da reshen Landan kada ka ɗauka haka yake a Kaduna.

Gaskiya ni ina ganin in ba don rakiyar abokai ko iyali ba, kuɗin da za ka kashe a cips da lemo a irin wuraren nan zai saya maka garau garau da awara na kwana biyu, kuma ka fi ƙoshi.

Mataki na takwas: gidajen abincin baƙi

In za a fita cin abinci na musamman kuma aka ba ka zaɓi, ka ce a je wajen Labanawa, a Kano da Abuja akwai su da yawa. Falafel mai kama da ƙosai, hummus, tabbule, fattush, ganyen inabi da aka naɗe da shinkafa, miyar adas (wani irin ƙaramin wake), burodinsu na Larabawa, duk ka samu. Ka tambaya dai ko an sa yogot a mutabbal, wato kwaɓin gasasshen yalo, ko ganyen inabin na nama ne, don iri biyu ake yi. Ko wajen mai shawarma ma za ka iya cewa a naɗe maka kabeji da cips da tumatir ba kirim ba sosej.

Wajen Indiyawa akwai abinci mara nama birjik, amma su mara nama a wajensu yana cin madara, don haka man shanunsu da ake kira gi, da cukunsu fanir, da kirim da yogot suna ko'ina. Ka nemi cana masala, alu gobi, dal da aka yi da mai, da roti ko capati ba a shafa komai ba, burodinsu da ake kira nan kuwa ka bar shi don yawanci da yogot ake kwaɓa shi. Wajen 'yan Caina ka ce ba ƙwai a shinkafa, ba miyar kawa wadda ake yi da wata dabbar ruwa, ba ruwan kifi, ba ruwan kaza, a soya maka kayan lambu da tofu, wanda shi ne awararmu. In kuwa ka ci karo da gidan abincin Habasha to ka huta, Kiristocinsu na Orthodox suna azumin barin nama da madara da ƙwai ranakun Laraba da Juma'a da kuma dogon azumi kafin Ista, don haka suna da faranti guda na injera da wake da adas da ganye da ake kira yetsom beyaynetu, faɗin sunan kawai ya wadatar.

Mataki na tara: tafiya

Hanyar mota ita ce mafi wuya, don inda direba ya tsaya nan za ka ci, kuma yawanci tsire ne da balangu da kaza da dafaduka. Ka sa guzuri a jaka, gyaɗa, dabino, ƙuli ƙuli, aya, ayaba, kantun riɗi, ko garin rogo da suga. Jirgin sama na ƙasa da ƙasa kuma ana yin odar abinci na musamman a shafin kamfanin, lambarsa VGML, ka yi shi aƙalla kwana biyu kafin tashi don in ka shiga jirgi ba a yi ba sai abin da ya samu.

Masu zuwa Umara ko Hajji, akwai ful, wato dafaffen wakensu, da burodin tamis da safe, ka ce da man zaitun ba samin ba, samin shi ne man shanu, ga ɗa'amiyya, wato falafel, da adas da hummus da dabino. Shinkafar bukhari da kabsa da ruwan kaza ko na rago ake dafa su. A Sudan ma ful ne abincin kowa, sai ka hana a barbaɗa cuku. A Gana wace, wato shinkafa da wakensu, lafiya lau ne amma baƙin yajin shito da kifi da jatan lande ake yin sa, ka karɓi ɗanyen barkono a madadinsa. A Ingila da Jamus kuwa abin ya yi sauƙi, ana sa alama a jikin menu, shagunan Greggs na Ingila suna da sosej rol na tsirrai tun 2019, McDonald's na Ingila suna da boga na tsirrai mai suna McPlant, a Amurka kuma Burger King na da irinsa mai suna Impossible Whopper amma sai ka ce a cire mayonis.

Mataki na goma: biki, suna, walima da gidan mutane

Nan ba kuɗinka ba ne, karamci ne, to sai da dabara. Ka ci wani abu kafin ka tafi don kada yunwa ta sa ka ɓata rai. In taro ne babba ba wanda zai lura, ɗauki masa ko farar shinkafa da zoɓo, naman da aka sa maka a leda ka miƙa wa na kusa da kai ko ka kai gida. In kuma gayyata ce ta musamman, gidan surukai ko gidan aboki, ka sanar tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ta bakin wanda ya gayyace ka, don babu abin da ya kai a yanka maka kaza ka zo ka ce ba ka ci ciwo a zuciyar uwar gida. Ka faɗi abin da kake ci, kamar "Umma in an yi min ɗanwake ko shinkafa da wake ma ya ishe ni", hakan ya fi sauƙi a kanta fiye da jerin abubuwan da ba ka ci.

Sai maganar lafiya, wadda bai kamata a tsallake ba. Mai yawan cin abinci a waje a wannan tsarin yana iya ƙarewa a cips da farar shinkafa da lemon kwalba kullum, wannan kuma ba abinci ba ne. Kowane cin abinci ka tabbatar akwai wake ko awara ko gyaɗa ko ƙuli, da ganye kamar zogale ko alayyahu, ka matsa lemon tsami ko ka sha lemon zaƙi a kai don yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe na cikin wake da ganye, shayi kuma ka jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci don yana rage hakan. Bitamin B12 kuwa ba a samun sa yadda ya kamata a tsirrai, babba yana buƙatar kusan maikirogiram 2.4 a rana, ƙarancinsa na kawo kasala da ƙarancin jini da jin kamar ana tsira maka allura a hannu da ƙafa, kuma in ya daɗe yana lalata jijiya. Ana sayar da ƙwayarsa a kemis, ka je ka ga likita ko mai harhaɗa magani ya gaya maka yadda za ka sha, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuma lallai sai da shawarar likita kafin su shiga wannan tsarin.